Shamuwa a Bayan Motar Ramzi

Lahadi, 20 ga Agusta

Shamuwa sun fara ƙetarowa. Tun hantsi nake kan tudu da madubin hangen nesa, ni da Baba Girgis, abokin aikina. Da na hango su baƙi ƙirin ta kan teku na ɗauki oba-oba na ce a tsayar da layin gabas na manyan fankokin nan da iska ke juyawa suna samar da wutar lantarki. Dokar gwamnati ce, idan mai tsaron tsuntsaye ya ce a tsaya, dole a tsaya. Suka wuce ta tsakanin fukafukan fankokin da suka yi cak. Har yanzu abin yana sa ni tsuma.

Talata, 22 ga Agusta

Mijina Ramzi ya dawo daga gyaran fanka fuska a murtuke. Wai manaja ya ce masa a gaban mutane, "Ka roƙa mana matarka ta bar mu mu sayar da wuta." Aka yi dariya. Ya ci wake da gurasa.

Juma'a, 25 ga Agusta

Ƙura. Ko hannuna ba na gani sosai, balle tsuntsu. Ban kira a tsayar da fankoki ba, don ban ga komai ba.

Asabar, 26 ga Agusta

Na je ɗauko tulun gas a bayan motar Ramzi, sai na ga wasu buhunhuna. Ƙafa ja doguwa ta leƙo daga bakin ɗaya. Na buɗe. Matattun shamuwa ne, wata an raba ta biyu kamar da adda.

Ya same ni tsaye a wurin. Ya ce, "Ummu Tarik, rufe buhun nan." Wai an umarce shi ya kwashe su daga gindin fankoki ya binne kafin masu binciken ma'aikatar muhalli su zo. Idan aka ga gawa da yawa, rufe layin za a yi har ƙarshen kaka, kuma masu gyara za a fara sallama.

Na ce doka fa? Ya ce, "Doka ce za ta ba ɗanmu Tarik abinci?"

Litinin, 28 ga Agusta

Ba ma magana sai a kan yaro.

Laraba, 30 ga Agusta

Na kusa gaya wa Baba Girgis. Yana zuba mini shayi yana ba ni labarin yadda shamuwa suke sauka a gonar mahaifinsa a garin Minya, yara na bin su da gudu. Ya dube ni ya ce, "'Yata, idonki ya faɗa. Ko rana ce?" Na ce rana ce.

Litinin, 4 ga Satumba

Masu binciken sun zo. Mace ce shugabarsu, Dakta Nermin, mai fara'a. Suka zagaya gindin fankoki, ƙasa tas kamar an share. Ta hau tudu wurinmu ta ce, "Ranar ƙurar nan, ba ku sami shamuwa ko ɗaya a ƙasa ba?"

Baba Girgis ya ce shi bai gani ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ta juyo gare ni. Daga can ƙasa ina hango Ramzi jingine da motarsa.

Na ce ban gani ba.

Ta riƙe hannuna ta ce da irinmu ake alfahari, za ta ba da misali da tasharmu a Alƙahira.

Laraba, 6 ga Satumba

Ramzi ya kawo kifi, shi da kansa ya gasa. Ya yi daɗi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Asabar, 9 ga Satumba

Baba Girgis ba shi da lafiya, ni kaɗai ce a tudu. Wajen azahar wasu shamuwa suka taso daga kudu da wani dutse, ƙasa-ƙasa, a gajiye. Oba-oba na hannuna. Ba su da yawa. Na ce a raina wataƙila su kauce da kansu, ban kira ba.

Ban san ko sun kauce ba. Yashi ya shiga mini ido, na tsaya ina goge madubin.