Kwanan Wata a Jerin Shiuli

Rajshahi, 3 ga Yuli

Yayata Dilruba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar mahaifiyarmu?

Apa, yayata, wani abu ke cina. Kin tuna Shiuli, wadda aka kawo ɗakin bincikenmu bara? Ni na nuna mata darussan kyauta na intanet, inda ake koyon nazarin ƙwayoyin gado da kwamfuta. Yau ta gama kwas biyar, ni ina maƙale a na biyu. Farfesa, shugaban ɗakinmu, kuwa ba shi da zance sai "Shiuli, zo ki duba mana." Shekara shida ina wanke kwalabe a nan, ban taɓa jin "zo ki duba" ba. Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba.

Gurbi ɗaya ne a sabon aikinsa, ran Lahadi kowaccenmu za ta gabatar da nata binciken. Jiya da ta fita shan shayi na buɗe jerin sunayen ƙwayoyin gado da ta shirya a manhajar jadawali, in ga da me ta fi ni. Ko rabi ban gane ba. Na adana, na rufe.

Ƙanwarki,
Mahjabin

Rajshahi, 9 ga Yuli

Yayata,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kowa lafiya.

Ni aka ba gurbin. Kada ki yi murna tukuna.

Ashe wasu ƙwayoyin gadon sunayensu sun yi kama da na watanni, kuma manhajar nan takan mayar da su kwanan wata da zarar an adana. Gargaɗin hakan yana cikin kwas na uku, wanda ban kai ba. Ran Lahadin, Shiuli na tsaye gaban kowa, Farfesa ya nuna allo ya ce, "Wannan biyu ga Satumba, ranar aurenki ce?" Aka kwashe da dariya. Har da ni, Apa, Allah ya yafe mini.

Ta juyo ta dube ni. Mu biyu kaɗai ke taɓa kwamfutar nan, ta sani. Sai ta ce sakacinta ne, ta zauna.

Na sayo kayan zaƙin nan roshogolla na rabawa, kamar yadda ake yi. Shiuli ta fara ɗauka, ta kira ni yadda nake kiran ki, ta ce, "Barka, Apa. Ki yi kwas na uku, zan taya ki."

Ko a kirki ma ta fi ni, wannan ne ya hana ni sakat. Na rubuta wa Farfesa gaskiyar abin da na yi. Takardar tana jakata kwana biyu ke nan. Ki ce mini in kai, ke kaɗai nake jin maganarki.

Ƙanwarki,
Mahjabin