Garzali Bai Taɓa Fashin Aji Ba

Sabon Gari, Wudil
8 ga Yuli

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, da Inna da kowa na gida. Yaya gwiwar? Tunda kunnenka ba ya jin magana a waya, ga ni na koma takarda, na san ma hakan ya fi maka daɗi.

Baba, aikin nan ya ishe ni. Tun da aka mayar da ajin ɗalibanmu ma'aikata kan intanet, Litinin da Laraba ƙarfe goma ni kaɗai nake zama a ofis, in buɗe kwamfuta, in yi sallama. Sunaye talatin da biyu su jeru, kowa ya rufe kyamara ya kashe makirfo. In yi ta bayanin jigawa da fadama awa biyu cur, ko tari ba na ji. Kai da ka shekara talatin da alli a hannu, ka sha ce min daga zaman yaro kake gane bai fahimta ba. To ni zaman wa zan duba? Ban ce abin ba shi da amfani ba, akwai waɗanda da ba don shi ba sun haƙura da karatu. Amma wallahi kaɗaici nake ji. Na rubuta takardar ajiye aiki, miƙawa ce kawai ban yi ba.

Wanda ya fi ƙona min rai wani Garzali Maikano ne, malamin gona daga Darki. A da shi ne uban 'yan tambaya, har sai na ce ya bar wa wasu. Yau sati shida ke nan sunansa ne farkon shiga, shi ne ƙarshen fita, amma in na kira shi shiru, aikin gida ko ɗaya. Jiya na wanke shi tas a gaban kowa. Na ce ajiye waya yake ya tafi sabgarsa, raini ne, kuma ba zai zauna min jarrabawa ba.

A gaida Inna. A ci gaba da sa mu a addu'a.

'Yarka,
Zuwaira

19 ga Yuli

Babana,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ya damina? Saƙonka ya iso, da faɗan da ke ciki. Ka ce a zamaninku ba a hukunta yaron da ya yi shiru sai an taka an je gidansu. Na ji haushi, amma yau na shiga mota na je Darki.

Baba, Garzali ya rasu. Zazzaɓin kwana uku. Har an yi arba'in.

Mahaifiyarsa ce ta kai ni ɗakin matarsa, Murja, yarinya ce da ba ta wuce ashirin da biyar ba. Na same ta a kan tabarma tana takaba, ba kwalli ba lalle. Ina yin sallama ta ɗago da sauri, muryata ta gane. Ashe in lokacin aji ya yi, a kan taga yake jingine waya, nan ne kawai sabis ke kamawa, ita kuma tana gefe tana tsintar shinkafa tana ji. Da ya rasu, saƙon shiga aji bai daina zuwa ba. Bayan sadakar bakwai 'yan gaisuwa suka watse, ɗaki ya yi mata faɗi, ga wata huɗu da kwana goma ba fita. Sai ta danna. Ta ce Turancin ba duka take ganewa ba, amma in na juya Hausa tana bi, har ta gaya wa ƙanin mijinta kada ya zuba taki ana gab da ruwa mai ƙarfi. Kuma kullum tana jiran in zo kan sunansa.

Zagin nan nawa duk a kunnenta. Ta ce ta so ta yi magana, kunya ta hana ta, mai takaba a cikin mazan da ba ta sani ba. Wai ni za ta ba haƙuri! Na rasa inda zan sa fuskata.

Da a aji ne, kwana ɗaya bencinsa zai yi ba kowa mu sani, mu cika mota mu je ta'aziyya. Mu talatin da biyu, babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Ka yi masa addu'a, ni ma ka nema min gafara.

Zuwaira

22 ga Yuli

Babana,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Wannan gajeriya ce.

Na kai rahoto ofis, an cire sunansa daga rajista. Amma jiya da safe na tura wa Murja saƙon shiga da hannuna. Bayan sallama na gaya wa ajin abin da ya faru, na janye maganata a gabansu kamar yadda na faɗe ta a gabansu, sannan na ɗaga hannu na yi masa addu'a. Na shafa, na jira. Shiru, irin wanda na saba.

Sai makirfo ɗaya ya buɗe. Na ji kukan akuya, na ji muryar mace ta ce amin. Bayan ta ne sauran suka biyo, ɗaya bayan ɗaya, muryoyin da na yi wata biyu ina roƙo. Na kasa ci gaba da darasi.

Ban ce na daina kewar aji ba, Baba, har gobe ina yi. Amma saura mata wata biyu da rabi a ɗakin nan, kuma gobe Laraba ƙarfe goma za ta jingine waya a taga. Ba zan bari ta danna ta tarar ba kowa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka mai kewarka,
Zuwaira