Yadda Furanninki Suka Sauko da Mama Daga Bene

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah Ya raya mana su, Ya sa zaman da kuke yi a can ya zama alheri. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Baban yara ya samu sauƙin ciwon bayan nan har ya koma aiki, ko da yake in aka ce ya ɗauko bokitin ruwa nan take yake tuna abin da likita ya ce. Babbar 'yarki ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai barci da cin abinci.

Saƙonki ya iso, kuma saboda shi na zauna rubuta miki wannan doguwar takarda, don labarin ya fi ƙarfin waya. Kin san tun ranar da Mama ta zame a matattakalar bene hankalina bai kwanta ba. Matakala talatin da biyu, Auta, na ƙirga su da ƙafata, ga gwiwarta da ba ta lanƙwasuwa, ga shi ita kaɗai take kwana a can sama. Na gyara mata ɗakin da ke kusa da kicin a gidanmu, na sa labule, na sa ƙaramin gado, na roƙe ta har na gaji da roƙo. Kin tuna sharaɗin da ta kafa mana: ba za ta tashi ba sai ta ga an mayar da tsofaffin zannuwan da ke cikin akwatinta bargon furannin ƙyalle, wanda zai rufe babban gadonta har ƙasa. Furanni dubu. Muka raba, ɗari biyar ni da ita a nan, ɗari biyar ke a can da zannuwan da na aiko miki. Muka kuma yi alkawari kowa zai auna da'irarsa da murfin gwangwanin madara, don su zo daidai.

Abin da ban gaya miki ba a waya, don kada ki damu, shi ne Mama ba bargo take so ba, lokaci take ja. Matar da ta koya mana riƙon allura, sai ga ta tana yin fure biyu a wuni, wai idonta. Amma idon nan bai taɓa kasa ganin laifin nawa ba. Kullum in na tashi daga aiki sai in hau benen nan, mu zauna bakin taga da faranti cike da ƙyallaye. In ɗora murfi in zana, in yanke, in lanƙwasa bakin, in bi shi da allura, in ja zare ya tattaru. Sai ta karɓa ta juya shi, ta ce na cika matse ɗinkin, shi ya sa tsakiyar ta buɗe baki. Ai sai an ba ɗinki tazara kafin fure ya rufe cibiyarsa. Ta sa in warware. Gobe in ba shi tazara, ta ce wannan kuma ai tsalle allurar take yi. Wata biyar muna wannan, ni ina ɗinkawa ita tana bita. Wallahi akwai ranar da na sauko daga benen nan ina hawaye don haushi, na tsaya a ƙofa na share fuska kafin in shiga mota. Duk da haka, da kyar da jiɓin goshi, muka cika ɗari biyar ɗinmu.

Ranar da kwalinki ya zo, ban ko tsaya gida ba, na wuce da shi wurinta ina murna kamar wadda aka yi wa bushara. Muka buɗe, muka zazzage a kan tabarma. Auta, ɗinkinki ya yi kyau, ban taɓa sanin kina da wannan haƙurin ba, ke da ko maɓalli ba kya iya sa wa riga. Amma da na ɗauki ɗaya na ɗora kusa da namu, sai na ga matsala. Naki ƙanana ne, da kaɗan suka wuce rabin namu. Ashe gwangwanin madarar da kuke saya a can ba girmansa ɗaya da namu ba. Mu uku, manya da hankalinmu, babu wadda ta yi tunanin ta ce a auna da abin awo. Kowa ta shiga kicin ɗinta ta ɗauko murfinta, tana ganin duk duniya madara ɗaya ake sha.

Ki zo ki ga Mama. Rabon da in ga ta yi dariya haka tun kafin faɗuwarta. Har da tafi. Ta ce ai shi ke nan, ikon Allah ne, babba da ƙarami ba sa haɗuwa a layi ɗaya, sai a sake wasu ɗari biyar, kuma a hankali za a yi, ba gaggawa. Ta ma tashi da kanta ta dafa min shayi, abin da ta daina tun da gwiwar ta matsa mata. Ni kuwa na ajiye shayin nan gefe, ban sha ba. Ina tunanin wata biyar ɗinki da kika yi ga 'yan biyu a hannu, ina tunanin wata biyar nan gaba na hawa da sauka, ina tsoron ranar da za a kira ni a ce ta sake faɗuwa.

Kwana biyu ban je ba, don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Rana ta uku na hau, na same ta zaune a ƙasa, ta shimfiɗa farin yadi, ta jera manyan furannin layi-layi. Kin san in aka haɗa huɗu akwai ɗan gibin da ke saura a tsakaninsu, wanda a kan bar shi haka nan. To Mama ta ɗauki naki ɗaya ta ɗora a kan gibin, ya zauna ɗas kamar don shi aka yanka. Ko sallamata ba ta amsa da kyau ba. Tabarau a kan hanci, allura a baki, sai nuna min take da hannu in miƙo mata masu ruwan goro, in kawar da shuɗin nan daga kusa da kore. Idon da ba ya gani ya warke, hannun da ke yin biyu a wuni ya koma kamar keken ɗinki. Ta ce a shekarunta duk ba ta taɓa ganin wanda ya yi irin wannan ba, kuma babu iskar da za ta shiga bargon nan. Hannunta ne ya kasa haƙuri, Auta. Ta ga yadda abu zai yi kyau, ta manta cewa ba ta so a gama.

Cikin sati uku muka haɗa shi, muka sa masa shafi. Naki da suka ragu ta yi wa matashin kai riga da su. Sai da muka ɗaga shi mu biyu muka kai kan babban gadonta, sannan abin ya bayyana: tunda naki sun hau kan namu maimakon su tsaya gefensu, bargon rabin faɗin da aka yi niyya ya fito. Ya tsaya a tsakiyar katifa, gefe da gefe a buɗe. Mama ta auna shi da hannu, ta sake aunawa. Can ta ce wannan ai na gadon mutum ɗaya ne. Ni da ita mun san wane gado ne: ƙaramin nan da na sa mata a gidanmu. Ta zauna a bakin katifar tana shafa wani fure na zanen da Baba ya saya mata shekarar da aka haife ki, ta ce ba matattakalar take ƙauna ba, tsoro take ta je gidan wasu ta zama baƙuwar da ake yi wa sannu da zuwa har ta mutu. Na rungume ta muka yi kukanmu, sannan ta ture ni ta ce in nemo kwalaye.

Ranar Asabar Yaya Babba ya kawo mota muka kwaso ta. Amma kwana ukun farko sun fi min wata biyar ɗin nan ciwo. In na kawo mata ruwa sai ta yi godiya. In za ta shiga kicin sai ta nemi izini. Ta zauna a ɗakinta tsaf, hannu a cinya, kamar mai jiran a kira sunanta a asibiti. Har na fara tunanin ko zalunci na yi mata. Jiya da safe ina shirin fita sai na ji muryarta ta cika gidan. Baban yara take wa faɗa, wai wane irin magidanci ne zai bar takalmansa a bakin ƙofa mutane na tuntuɓe, kuma daga yau kada ta sake gani. Bawan Allah ya shigo ɗaki da takalma a hannu, yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ce min in kwantar da hankalina, Mama ta iso.

Ki gaishe min da maigidanki, ki shafa min kan 'yan biyu. Yaya Babba da iyalinsa suna gaishe ku, haka ma Baban yara da 'ya'yanki duka. Mama ta ce in gaya miki Allah Ya yi miki albarka, kuma ki daina cizge zare da haƙori, ta gani a jikin ɗinkin. Dole in tsaya nan, ga ta can tana kira, wai ba haka ake jera tukwane ba.

Taki har kullum,
Yayarki