Zaren Maris da Tulun Gonarku

Argos, 26 ga Maris

Ya Lemoniya, sanyin idaniyata, ƙamshin furen lemo bayan yayyafi, inuwar zaitun ga wanda rana ta gasa!

Wannan ce wasiƙa ta huɗu. Ukun farko na yage su, don na ga kare kaina kawai nake yi a ciki. Yau kwana goma sha tara rabon da ki yi mini magana. Na duba littafin da nake rubuta al'amurana na kullum har sau biyu, ban ƙara ko kwana ɗaya ba.

Kin tuna ranar ɗaya ga wata? Kika ɗaura mini zaren nan ja da fari na kariya daga zafin rana a wuyan hannu, kina tsokanata, wai na yara ne, amma ƙato ɗan arba'in da biyu ma ranar Maris tana ƙona shi. Kika ce kada in kwance sai na ga tsattsewar farko. Sannan kika ja ni ɗakin ajiya, kika yaye buhu, kika nuna mini tsohon tulun da garmar yayanki Fotis ta tono a gonarku. Kika ce in gani da ido, in bar wa cikina. Wayyo! Ni da na shekara goma sha bakwai ina gadin gidan kayan tarihi. Kwana biyu ina saƙawa ina kwancewa, na uku na kai rahoto. Hukuma ta kewaye gonar mahaifinku da waya, ba huɗa, ba gini.

Jiya a shagon gahawa Fotis ya hango ni ya ce, "Ga waliyyin tukwane nan, ku ɓoye kofunanku." Kowa ya yi dariya. Ban ga laifinsa ba.

A littattafan almarar da kike ara mini, na dodanni da masu takubba, mugu baƙaƙen kaya yake sawa, tun shafin farko an gane shi. Allolin kakanninmu kuwa, wanda ya saukar maka da ruwa yau shi zai jefe ka da tsawa gobe. Ni a wane littafin nake, Lemoniya? Kirki na yi ko mugunta?

Sun wanke tulun, sun sa shi cikin gilashi, a ɗakin da nake gadi. Kin san zanen da ya bayyana a jikinsa? Mawaƙin nan na labarin kakanninmu, wanda aka mayar masa da matarsa daga ƙasar matattu bisa sharaɗin kada ya waiwaya. Ga shi nan ya juya wuya, ita kuma hannunta a miƙe. Awa takwas nake kallonsu kullum. Shi ya karya doka ya rasa tasa, ni na kiyaye doka na rasa ki!

Ba zan yi miki ƙarya ba: da za a sake tono shi gobe, ina jin zan sake kai rahoto. Amma da ƙofarki zan fara ƙwanƙwasawa, in faɗa miki ido da ido. Can ta bayanki na bi, kamar ɓarawo. Wannan shi ne laifina, shi nake roƙon ki yafe.

Tsattsewa sun iso tun makon jiya. Ina jin kukansu a ƙarƙashin rufin coci, amma ban gansu ba, don kaina a sunkuye nake tafiya. Har na yi karo da turken fitila. In na ga guda ɗaya dole in kwance zaren, shi kaɗai ne kuwa abin da hannunki ya bar mini.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci zan tsaya bakin wayar gonarku, gindin rumman. Ki zo ki ce mini in ɗaga kai, mu rataya zaren tare a reshensa kamar yadda aka saba, tsuntsaye su kai sheƙa. In ba ki zo ba, zan ci gaba da kallon ƙasa har su koma.

Naki, muddin akwai numfashi,
Lambros