Tabarmar da Na Janye

Gwandu, Jihar Kebbi,
24 ga Nuwamba, 1996.

Zuwa ga ɗiyata Madina, ɗiyar ƙanena marigayi Siddiƙu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mahaifiyarki da dangin da kuke zaune cikinsu a can garinsu Davao, a ƙasar waje. Allah ya ba mahaifiyar taki, Malama Linda, sauƙi, ya sa ciwon zuciyar nan ya zama kaffara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau bana. Baffanki Lawali ya yanke shinkafar fadamar Diggi, gonar nan ta ubanki, sai da jakuna suka yi sawu shida. Hussaina tawa, wadda kuke faɗa kan 'yar tsana kuna yara, ta haihu a Kalgo, namiji, an sa masa sunan ubanki. Ni kuwa gwiwa ce ta fara yi mini gardama, amma bakin nan da kika sani yana nan daram.

Takardarki ta iso da hotuna uku. Hausarki ta rame, Madina, shekara takwas ba a ba ta abinci ba, amma ba ta mutu ba, kuma kin rubuta Goggo daidai, wannan ya ishe ni. Na karanta labarin bikinku na Kadayawan har sau huɗu. Kin ce cikin watan Agusta ƙabilun da suka fi kowa daɗewa a ƙasar suke fitowa da tufafin kakanninsu, su baje shinkafa da masara da furanni da 'ya'yan itace a kan tabarmi, don godiya kan amfanin gona. Kin ce akwai shinkafar da ake dafawa cikin gora, da wadda ake dafawa da madarar kwakwa a naɗe cikin ganyen ayaba, da wani ɗan itace mai ƙaya wanda warinsa ya fi na daddawa. To wannan kam ku riƙe abinku, mun yafe. Sai can ƙarshe kika ce bana mahaifiyarki ba ta iya fita ba, ta taga ta yi kallo, har ta ce miki ita ma ta taɓa yin irinsa sau ɗaya a Gwandu. Kika tambaye ni ko na tuna yadda aka yi, ko ya yi kyau.

Na tuna, ɗiyata. Kwana goma sha biyu takardarki tana ƙarƙashin matashina na kasa amsawa. Ashe duk shekarun nan uwarki ba ta gaya miki ba. Ta rufa mini asiri, ni da ban cancanta ba. To yau ni zan tona da kaina.

Kakar 1985 ce, kina da shekara shida. Mun fito daga fari, shekara biyu rumbu ba ya cika, sai Allah ya buɗe. Ranar da aka kawo damman farko daga Diggi na shigo gidanku da hantsi, sai na tarar an share tsakar gida fes, an shimfiɗa sabuwar tabarma. A kanta ga damin shinkafa, ga gero, ga dawa, ga kabewa da dankali, an jera furanni a gefe, ga wasu ƙulle-ƙulle na ganyen ayaba a faranti suna tururi. Uwarki kuma tana tsaye cikin wani jan zane mai duwatsun ado da ƙananan ƙararrawa, in ta motsa sai su yi ƙara. Ki duba mini, Madina: jan zane, ƙararrawa, abinci a ƙasa ba mai ci. Ni da na tashi a Gwandu, abu ɗaya na sani mai wannan kama. Na ce bori ne. Na ce tsafi ake yi a gidan malamai, gidan da ake karatun allo a zaurensa.

Ban tambaya ba. Na kama bakin tabarmar na fizge, komai ya watse, awaki suka yo kai. A gaban matan maƙwabta na ce mata ashe musuluntar da ta yi ta baki ce, ta zo da dodannin garinsu ta ajiye mana a gida. Wallahi haka na faɗa. Ita da take koya wa 'ya'yan mutane lissafi a makaranta, kowa yana girmama ta, ta durƙusa tana tsince ƙulle-ƙullen nan daga cikin ƙasa. Da yamma ubanki ya same ni zai yi bayani, na ce ya rufe mini baki, an shanye shi. Shekara biyu daga ni har ita sai gaisuwa. Da ya rasu mun yi kuka ɗaki ɗaya, amma ban buɗe baki na gyara ba. Ranar da za ku tafi, a tasha, ke na rungume, ita kuwa na ce mata Allah ya kiyaye hanya, kamar wata baƙuwa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Da na duba hotunanki, a ɗaya daga ciki ga mata nan da lulluɓi, musulmi kamar ni, zaune bakin tabarma irin waccan. Na ɗauki hoton na tafi wurin Baffa Abdulgani, ƙanen kakanki, wanda yanzu ido ya yi masa rauni, sai da ya kai shi bakin hanci. Na ba shi labari ina tsammanin bai sani ba. Sai ya ce ai ya sani sarai. Ya ce mako guda kafin ranar uwarki ta sa ubanki ya kawo ta zaurensa, ta tambaya ko ya halatta ta yi godiyar kaka irin ta mutanensu. Shi ya ce mata in dai Allah ake wa godiya, kuma abincin mutane za su ci, ai sadaka ce. Har sun shirya zai zo bayan azahar ya yi addu'a a kai, a raba wa maƙwabta. Zanen kuma na mahaifiyarta ne, shi kaɗai ta taho da shi daga gida. Ya ce ya zo a kan lokaci, ya tarar awaki sun riga shi, ya juya. Na ce don me bai gaya mini ba shekara goma sha ɗaya. Ya yi dariya ya ce duk Gwandu wa ya isa ya gaya wa Kubura magana a wancan zamani. Ya ƙara da cewa uwarki ce ma ta roƙe shi ya bar zancen, kada a kunyata yayar mijinta. Na fito daga zauren nan ina kuka kamar yarinya, ban damu da wanda ya gan ni ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi rashin sani muni, ƙin tambaya ne.

Juma'ar da ta wuce na yi abin da ya kamata a yi tun tuni. Na share tsakar gidanku, na shimfiɗa tabarma, na jera sabuwar shinkafar Diggi da gero da kabewa. Baffa ya zo da sandarsa ya yi addu'a, ya ambaci sunan uwarki sau uku. Na kira matan da suka ji abin da na faɗa a da, waɗanda suka rage, na gaya musu ƙarya na yi mata. Laraba maƙwabciyarku ta ce ita tun ranar ta ɓoye ƙulli ɗaya a zaninta ta ci a ɗaki, kuma har yau ba ta ci abu mai daɗinsa ba. Kin ji munafuka, shekara goma sha ɗaya tana shiru! Ni ma na gwada dafawa. Na aika Kalgo aka sayo kwakwa, na samo ganyen ayaba a lambu, na ƙulla yadda kika kwatanta. Kai, Madina, abin kunya. Rabi ya zama kunu, rabi ya zama tsakuwa, ganyen ya farfashe. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, aka koma aka ci tuwon shinkafa da miyar kuka.

To ga abin da nake roƙonki. Ki zauna kusa da uwarki lokacin da jikin ya yi mata sauƙi, ki karanta mata wannan takarda duka, kada ki tsallake inda na yi muni. Ki ce mata Kubura tana roƙon ta yafe mata don Allah, don darajar Siddiƙu da ke kwance. Na ji abin da kika ce likita ya faɗa, ni ma ba yarinya ba ce, kuma ina tsoron mu haɗu gaban Allah da wannan a wuyana. In ta ƙi, tana da gaskiya, ki rubuto mini haka, zan ɗauka. In kuwa ta yafe, ba na neman doguwar magana. Ta rubuto mini da hannunta yadda ake dafa shinkafar nan ta cikin ganye. Kowa a unguwar ya ji ƙamshinta ranar, har awaki sun ci, ni da aka dafa dominmu ban ko ɗanɗana ba.

Baffa Abdulgani yana sa muku albarka. Lawali da iyalinsa, Hussaina da jaririnta, da Laraba, duk suna gaishe ku. Ki gaishe mini da kakarki ta can da kawunnanki, ko da ba mu san juna ba. Ki riƙe salla, ki riƙe uwarki da kyau. Kada ki jinkirta amsa, ɗiyata, kullum ina aikawa gidan waya.

Wassalam. Ni ce goggonki mai jiran amsa,
Kubura Abubakar Gwandu.