Saura Kwana Tara a Jefa Kwakwa

Inna,

Ina gaishe ki daga tashar jiragen ruwa ta Vijaydurg. Yaya gwiwar taki? An gama dashen shinkafa? Ki gaida Rakhma da yara.

Ni lafiya lau. Ƙarar igwar da nake harbawa ce ta ɗan toshe min kunnen hagu, ɗayan ya ishe ni.

Wata uku ke nan damina ta ajiye jiragenmu na yaƙi a tudu. Saura kwana tara a jefa wa teku kwakwa bisa al'adar ƙarshen damina, mu fita. Kowa na murna, ni na kasa zama wuri ɗaya.

Wani masunci ya ce ƙanena Bhiku ya kama aiki a jirgin fataken Ingila, wai shi ke hawa dogayen sandunan yana ɗaura zannuwan iska. Inna, gaskiya ne? Jirgin nan ne za mu tare idan mun fita. Jiya shugabanmu ya dafa ni ya ce, "Kai kurma, kada ka fasa min cikin jirginsu, kayan nake so. Sandunan za ka karya."

Ki aika wa Bhiku yau ya dawo gida. Ki ce ciwo ya kwantar da ke, ko da ƙarya ce. Ki sa mana albarka, mu biyu. Kin san hannuna, Inna. Tun ina jifan mangwaro ban taɓa kuskure ba.

Ɗanki,
Dhondu