Achar Mama a Rayfield

Rayfield, 23 ga Yuli

Ƙanwata Zipora,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya maigidanki da yara? Takarda na ɗauka don na san in na kira ki a waya faɗa za mu yi.

Mama ta ce kwana uku za ta yi a wurinki, yau sati uku ke nan. Ɗakinta na nan da hita da talabijin, amma ta gwammace cunkoso da jikoki a Rikkos. Ran Lahadi a coci matan zumunta suka cika min kunne da tsakar gidanki, wai tsakuwa, wai ƙerana a jikin katanga, wai ko guga ɗaya ba kya zubawa. Sai ka ce ke kika ƙirƙiro dutse. Ni da na kwashe rani ina kiran tanka bayan rijiyarmu ta ƙafe, don dai Mama ta buɗe taga ta ga kore, ba wadda ta ce min sannu. Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake yi. Shekara shida tana hannuna tun rasuwar Baba. Ke me kika ba ta?

Ki faɗa mata ciyawa ta farfaɗo. Irin da na sa aka kawo daga Abuja ya kama duk inda rani ya ƙone, har ya fi na da laushi. Duk Asabar ana bin sa da inji. Ta dawo ta gani.

Yayarki,
Suzana

Rikkos, 27 ga Yuli

Yaya Suzana,

Mun gode da gaisuwa, kowa lafiya, Mama ma ciwon ƙafarta da sauƙi.

Ban ba ta komai ba sai wani lungu a bayan kicin da ta yi shuka a ciki, bai kai tabarma biyu ba. Da na karanta mata wasiƙarki ta yi dariya har da tari, daga baya ta faɗa min gaskiyar magana. Yaya, irin Abuja bai fito ba, tsuntsaye suka cinye. Abin da kike yabo acha ce. Mama ta watsa ta a wuraren da suka ƙone, bayan ruwan farko. Ke da kika taso kan gwaten acha, ashe ba ki san ta a tsaye ba! Ta ce Asabar biyu tana zaune a taga ana aske ta, ta uku ba za ta iya kallo ba.

Ki gaida Dantong, mijin da ya iya da ke.

Ƙanwarki,
Zipora

Rayfield, 29 ga Yuli

Zipora,

Ina gaisuwa. Wato kun zauna ke da ita kun mai da ni abin dariya. In acha ce, bakin Mama ciwo yake yi da ba za ta ce a tsai da inji ba? Ke ta iya faɗa wa, ni kuwa sai dai na ji a takarda. Kullum haka ne, ni ce mai hidima, ke ce ta gaban goshi.

Suzana

Rikkos, 2 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ba wanda ya mai da ke abin dariya, ki saurare ni.

Bara Mama ta roƙe ki gefe ɗaya na filin don ta shuka acha, kika ce nan ba ƙauye ba ne, a gaban baƙi. Shi ya sa ta yi a ɓoye, tana cewa in ta fitar da kai kika gani za ki haƙura. Irin kuma na gonarmu ta Du ne, wadda aka sayar aka yi gidaje. Na kakarmu ne, Mama ta yi ta sabunta shi a gonar wata ƙawarta har ƙawar ta rasu. Mudu ɗaya ya rage mata, a ƙulle cikin akwati. Kusan duka a gidanki ta zuba. Abin da ya iso wurina bai cika tafin hannu ba.

Tunda maganar kishi ake, ni ma na yi. Na tambaye ta me ya sa ba ta kawo min duka ba, ni da ban da ciyawar da zan tsare. Ga abin da ta ce: "Can ne gidana, can nake so ta tsaya."

Allah ya bar zumunci.

Zipora

Rayfield, 4 ga Satumba

Ƙanwata,

Ina gaida ku duka. Wata guda ke nan na hana a taɓa filin. Ya yi buzu-buzu, maƙwabta har sun aiko tambaya ko lafiya. Inda inji ya fi ci ya mutu, amma ta jikin katanga ta fitar da kai, tana sunkuyawa.

Ban san ranar yankanta ba, kuma ba zan tambayi kowa a Rayfield ba. Ki faɗa wa Mama haka, kada ki gyara min magana: Suzana ba ta sani ba, tana jiranta.

Yayarki,
Suzana